Katin Wasiƙa: Hoto A Gaba, Saƙo A Baya

'Yan uwa makiyaya da fatake, kafin wayar salula akwai katin wasiƙa: 'yar takarda mai kauri, babu ambulan, a manna kan sarki a kai gidan waya. A Ostiriya aka fara shi a 1869, don ya fi wasiƙa araha.

Zamanin mulkin mallaka, wani Bafaranshe mazaunin Dakar, Edmond Fortier, ya buga dubban katuna masu hotunan kasuwanni da mutanen Afirka ta Yamma. Har Tumbutu ya je a 1906. Sai dai fa, galibi ƙabilar mutum ake rubutawa, ban da sunansa.

To, in kuna da tsohon hoton kakanni, ku rubuta sunayensu a baya tun waɗanda suka san su na raye.