Na'urorin sauti na gida: Dacewa da farashi a Jega, Aliero da Maiyama

Garin Jega na jihar Kebbi ya daɗe da zama mahaɗar fatake, saboda yana kan babbar hanyar da ta taso daga Legas, ta ratsa Kontagora da Yawuri da Koko, ta nufi Sakkwato.

Maiyama na kudu da Jega a kan wannan hanya, yayin da Aliero, garin da ya yi suna wajen noman albasa, ke arewa maso gabas.

Ta wannan hanya kayan lantarki ke isa yankin, sababbi da tsofaffin da ake kira tokumbo, ciki har da rediyo da amfilifaya da na'urorin kunna faifai.

To sai dai kamfanoni na ƙera wa kowane yanki na duniya nasa samfurin, don haka na'urar da ta yi aiki lafiya a Amurka ko Japan tana iya ƙonewa ranar da aka fara jona ta a Jega.

Mene ne sauti mai inganci na musamman?

Faifan CD, wanda ya fito a 1982, yana naɗar sauti sau 44,100 a daƙiƙa guda, da ma'aunin bit 16. Duk abin da ya zarce haka, kamar sau 96,000 da bit 24, shi ake kira Hi-Res.

Kamfanonin Sony da Philips sun fito da faifan SACD a 1999 domin irin wannan sauti. A yau an fi samunsa ta intanet, a tsari irin na FLAC.

Minti guda na irin wannan sauti, idan ba a matse shi ba, yana cin kimanin megabait 34. Na CD yana cin 10, na MP3 da aka saba da shi kuma kusan 1.

Na'ura dai ba ta iya maido da abin da ba a naɗa ba. Tafsirin da aka turo ta WhatsApp, ko tsohon kaset na Narambaɗa da aka juya zuwa memori, an riga an rage masa inganci tun kafin ya iso ga mai saurare.

Wutar lantarki

Najeriya na amfani da wuta mai ƙarfin bolt 230 da bugu 50 a daƙiƙa, kamar Turai. A Amurka bolt 120 ne da bugu 60, a Japan kuma bolt 100.

Manyan risiba na gida galibi ƙarfin wuta guda aka tsara musu, saɓanin cajar wayar salula da ke karɓar kowane iri. Ana rubuta wannan adadi a bayan na'urar, kusa da inda wayar wuta ta fito.

Na'urar Amurka na buƙatar taransifoma mai rage wuta, wadda ta fi ta ƙarfi. Sai dai taransifomar ba ta sauya yawan bugun wutar, shi ya sa wasu na'urorin juya faifan garmaho na Amurka ke jan waƙa a hankali.

Haka kuma, a yankin da wuta ke hawa da sauka, ake kuma dogaro da janareta ko sola, sai an haɗa da sitabilaiza.

Kama tashoshi

A Najeriya zangon FM na tsakanin 87.5 da 108. Tsofaffin rediyon Japan kuwa daga 76 suke farawa su tsaya a 90, don haka yawancin tashoshin ƙasar nan ba sa shiga cikinsu.

A matsakaicin zango, tazarar da ke tsakanin tashoshi a Afirka da Turai 9 ce, a Amurka kuma 10. Rediyon Najeriya Kaduna ya shahara a kan lamba 594, amma rediyon Amurka mai lambobi daga 590 yake tsallakawa zuwa 600, sai dai idan yana da maɓallin sauya tazarar.

Akasarin manyan risiba ba su da gajeren zango, wanda ta nan ne mutanen karkara suka daɗe suna kama tashoshin ƙasashen waje.

Faya-fayan bidiyo ma suna da iyaka. A tsarin DVD, Najeriya na yanki na 5, Amurka na 1, Turai da Japan na 2.

Farashi

Farashin da ake gani a shafukan Amurka yawanci bai haɗa da harajin saye ba, na Turai kuwa ya haɗa. Kafin kaya su isa Kebbi, ana ɗora musu kuɗin jirgi, da na kwastan, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya fara aiki a watan Fabrairun 2020.

Canjin kuɗi shi ne babban abin da ke juya farashin. A watan Mayun 2023 dala guda na kusan naira 460 a hukumance, amma bayan da aka saki naira a watan Yuni, ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024.

Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara tsadar dako daga kasuwar Alaba ta Legas zuwa arewa.

Garantin kamfani kuma yawanci yana aiki ne a yankin da aka sayar da na'urar kawai.

Saboda haka tsohuwar na'urar Ingila, wadda wutarta da soket ɗinta suka dace da na Najeriya, tana iya fin ta Amurka sauƙi a ƙarshe, ko da kuwa ta fi ta tsada a shago.

Abin da ya fi dacewa ga mai saye shi ne ya karanta bayan na'urar, ya sa a kunna ta a gabansa, ya kuma gwada tashar da ya saba saurare kafin ya biya.