Zulaiha, matar Fotifar: yadda malamai, manazarta da masu zane suka kalle ta

Matar Fotifar, wadda Alƙur'ani ya kira matar Azizu, wadda kuma aka fi sani da suna Zulaiha, ita ce matar babban jami'in fadar Masar da ya sayi Annabi Yusuf (AS) a matsayin bawa. Ta nemi Yusuf da kansa, ya ƙi, ta ɗora masa laifin da ita ta aikata, aka kai shi kurkuku. Labarinta ya zo a littafin Farawa, wato littafi na farko na Attaura da Baibul, a sura ta 39, ya kuma zo a Suratu Yusuf, sura ta 12 a Alƙur'ani. Babu ɗaya daga cikin littattafan biyu da ya ambaci sunanta. Malaman da suka zo daga baya ne suka raɗa mata suna, suka kuma yi ta saɓani a kanta: wasu sun ɗauke ta a matsayin makira maƙaryaciya, wasu a matsayin mai laifin da ta tuba, wasu kuwa suka mayar da ita misalin mai ƙauna ta gaskiya.

Abin da littafin Farawa ya kawo

A Farawa, Fotifar shugaban masu tsaron Fir'auna ne, kuma ya danƙa wa Yusuf ragamar gidansa baki ɗaya. Matarsa ta dinga matsa wa Yusuf kullum, shi kuwa yana kafa hujja da amanar maigidansa da tsoron saɓa wa Allah. Wata rana da babu kowa a cikin gida sai ta kama rigarsa, ya bar mata ita ya gudu waje. Ta tara barorin gidan ta ce bawan nan Ba'ibrane ne ya afka mata, ta ajiye rigar har mijin ya dawo, ta maimaita masa. Fotifar ya fusata, ya jefa Yusuf kurkuku. Daga nan littafin bai sake waiwayarta ba. Ba a ji ta amsa laifi ba, ba a kuma ji an hukunta ta ba.

Abin da Alƙur'ani ya kawo

A Suratu Yusuf, daga aya ta 23 zuwa ta 53, labarin ya fi faɗi. Ta kulle ƙofofi, suka yi tsere zuwa bakin ƙofa, ta yage rigarsa ta baya, suka yi kiciɓis da mijinta. Wani mai shaida daga danginta ya ba da ma'auni: idan rigar ta gaba ta yage to ita ce mai gaskiya, idan ta baya ce to shi ne. Da mijin ya ga yagewar ta baya ce, sai ya gane gaskiya, ya umarce ta da neman gafara. Ke nan rigar da ta zama hujjar ƙarya a Farawa, a nan ita ce ta wanke Yusuf.

Sai matan birni suka shiga yi da ita. Ta gayyace su liyafa, ta ba kowacce wuƙa, ta sa Yusuf ya fito musu, suka ɗimauce har suka yanke hannayensu. Yusuf ya zaɓi kurkuku a kan abin da ake kiransa gare shi, kuma aka tsare shi duk da an ga alamun ba shi da laifi. Bayan shekaru, da sarki ya binciki lamarin, ita da bakinta ta amsa cewa ita ce ta neme shi.

Malaman tafsiri sun saɓa a kan ayoyi na 52 da 53, inda mai magana yake cewa ba ya kuɓutar da kansa domin rai mai yawan umarni da mugun aiki ne. Ɗabari da Tafsirin Jalalaini sun ɗauke ta a matsayin maganar Yusuf. Ibn Kasir, kamar malaminsa Ibn Taimiyya, ya rinjayar da cewa ci gaban maganar matar Azizu ce, tunda Yusuf bai riga ya iso gaban sarki ba a lokacin. Idan aka bi wannan fahimta, kalamanta na ƙarshe a surar na nadama ne da fatan rahamar Ubangiji.

Jalalaini, wanda ake yawan karantawa a tafsirin watan azumi a ƙasar Hausa, ya kira ta Zulaiha, mijinta kuma Ƙiɗfir. Ɗabari ya ruwaito daga Ibn Ishaƙ cewa sunanta Ra'il, kuma Yusuf ya aure ta bayan mutuwar mijin, ta haifa masa 'ya'ya maza biyu. Wannan aure bai zo a nassin Alƙur'ani ba, kuma malamai da dama suna lissafa shi cikin Isra'iliyyat, wato labaran da aka samo daga Ma'abota Littafi.

Malaman Yahudawa da na Kirista

Malaman Yahudawa sun cike giɓin da Farawa ya bari. Talmud ya ce tana sauya tufafi safe da yamma domin jan hankalinsa. Littafin wa'azi na Midrash Tanhuma ya kawo liyafar mata da wuƙaƙe, inda suke ɓare wani irin lemo. Sefer ha-Yashar, littafin da aka rubuta a zamanin tsakiya, shi ma ya kira ta Zulaiha. Rashi, mashahurin mai sharhi da ya rasu a 1105, ya kawo wani tsohon zance mai yi mata uzuri: wai ta duba taurari ta ga za ta samu zuriya ta hanyar Yusuf, amma ba ta san ko ta wajenta ba ne ko ta wajen 'yarta. Tushen wannan shi ne Farawa ya ce Yusuf ya auri Asenat 'yar Fotifera, kuma wasu malamai sun ɗauka Fotifera shi ne Fotifar.

A wajen malaman Kirista na farko, irin su Ambrose, bishop na Milan a ƙarni na 4, Yusuf shi ne abin koyi wajen kamun kai, kuma ana kwatanta zaluncin da aka yi masa da wanda aka yi wa Almasihu. Ita kuwa matsayinta na jarrabawa ne kawai. Marubucin Italiya Dante, wanda ya rasu a 1321, ya sanya ta cikin 'yan wuta a babi na 30 na littafinsa Inferno, zazzaɓi na ƙona ta. Bai haɗa ta da mazinata ba, cikin masu shaidar zur ya ajiye ta, can ƙasa da su nesa, domin a ma'auninsa yaudara ta fi sha'awa muni.

Zulaihar Sufaye

Babban sauyi ya zo daga adabin Farisa. A 1483 Abdurrahman Jami, malamin ɗariƙar Naƙshabandiyya a birnin Herat, ya kammala doguwar waƙarsa ta Yusuf da Zulaiha. A cikinta Zulaiha gimbiya ce daga Magrib da ta ga Yusuf a mafarki tun tana budurwa, ya ce mata shi ne Azizun Masar. Ta nace sai an aura mata Azizu, da ta isa sai ta tarar wani mutum ne daban. Bayan abin da ya faru ta tsufa, ta makance, dukiyarta ta ƙare, ta koma zama a bukka a bakin hanyar da Yusuf ke wucewa. Sai da ta farfasa gunkinta ta yi imani sannan aka mayar mata da gani da ƙuruciya, suka yi aure. A ƙarshe son Allah ya rinjayi son Yusuf a zuciyarta. A karatun Sufaye, Zulaiha ita ce ran ɗan Adam da kyawun halitta ya ruɗa kafin ya kai ga Mahalicci.

Nazarin zamani

Masana tarihin Masar sun lura da kamannin labarin da tatsuniyar 'Yan'uwa Biyu, wadda aka rubuta wajen shekara ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma takardarta tana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. A ciki matar Anubis ce ta nemi ƙanen mijinta Bata, da ya ƙi ta yi masa ƙazafi. Girkawa ma suna da irinsa a labarin Fedra da Hifolitus. Masu nazarin tatsuniyoyi sukan kira duk irin wannan zubi da jigon matar Fotifar.

Robert Alter, a littafinsa na 1981 kan salon labarun Baibul, ya nuna yadda ta sarrafa harshe: mai ba da labari ya ce an bar rigar a hannunta, ita kuwa ta ce a gefenta aka bar ta, kamar shi ne ya tuɓe da kansa. James Kugel, a 1990, ya bibiyi yadda ƙananan tambayoyin da nassi ya bari suka haifi labarai kamar na liyafar mata. Manazarta masu duba matsayin mata, kamar Mieke Bal, sun yi tambaya ko me ya sa ba a ji labarin daga ɓangarenta ba. Wasu sun yi nuni da cewa kalmar Ibrananci da aka siffanta Fotifar da ita tana iya nufin baba, wato dandaƙaƙƙen ma'aikacin fada. Wasu kuma sun ja hankali ga batun iko: uwargida ce mai 'yanci a gaban bawa baƙo wanda maganarsa ba ta da nauyi a gidan.

Zane da fim

Masu zanen Turai sun fi son lokacin da ta riƙe rigar Yusuf yana ƙoƙarin kuɓucewa, kamar a ayyukan Guido Reni da Orazio Gentileschi a ƙarni na 17, inda sau da yawa jikinta ne abin da aka fi fitarwa. Rembrandt ya yi irin wannan a 1634, amma a zanensa na 1655 da ke Berlin ya zaɓi lokacin ƙazafin: tana zaune a bakin gado tana yi wa mijinta bayani. Properzia de' Rossi, mace mai sassaƙa a Bologna, ta sassaƙa labarin a dutsen marmara wajen 1525. A Herat kuwa, Kamaluddin Bihzad ya zana shi a 1488 cikin wani kwafin Bustan na Sa'adi da ke ɗakin karatu na ƙasa a Alƙahira: fada mai hawa-hawa, ƙofofi a rufe, su biyun cikin sutura a ɗakin sama.

Marubucin Jamus Thomas Mann, a jerin littattafansa kan Yusuf da 'yan'uwansa da suka fito tsakanin 1933 da 1943, ya kira ta Mut-em-enet, ya nuna ta a matsayin mace mai daraja da ta daɗe tana yaƙi da zuciyarta. Fim ɗin talabijin na Iran kan Annabi Yusuf, wanda Farajollah Salahshoor ya shirya aka fara nunawa a 2008, ya bi hanyar tuba da aure, Katayoun Riahi ce ta fito a matsayin Zulaiha.

A Turai har yau sunan matar Fotifar laƙabi ne na mai ƙazafi. A ƙasashen Musulmi, inda aka fi tunawa da amsa laifinta, iyaye na raɗa wa 'ya'yansu sunanta, kuma Zulaihatu da Zulai suna cikin sunayen mata da aka saba ji a ƙasar Hausa.