Amfani da Sadarwa Marar Waya a Masana'antu

Gabatarwa

Sadarwa marar waya hanya ce ta aika bayanai daga wata na'ura zuwa wata ta igiyar rediyo, ba tare da shimfiɗa kebul a tsakaninsu ba. A masana'antu ana amfani da ita wajen kai rahoton zafi, matsin iska, yawan ruwa ko girgizar inji daga filin aiki zuwa ɗakin da ma'aikata ke sa ido a kan injuna. Wannan bayani zai amfani masu ƙananan masana'antu irin na casar shinkafa, tatsar man gyaɗa da gurzar auduga, da kuma jami'an ƙananan hukumomi masu kula da tashoshin ruwan sha da madatsun ruwa.

Yadda Ake Yi Tun Asali

Shekaru da dama, kowace na'urar awo a masana'anta tana da tata wayar da ke tafiya har ɗakin kula da injuna. Na'urar kan aika ɗan ƙaramin lantarki mai hawa da sauka tsakanin miliamfiya 4 da 20, kuma hawa da saukar nan shi ke nuna abin da aka auna. Tsarin yana da inganci, har yau ana aiki da shi a ko'ina. Sai dai yana da tsada, domin sai an haƙa rami ko an kafa bututu, an sayi waya mai tsawo, an biya masu aiki. Haka kuma wuraren da ke nesa ko masu wuyar hawa, kamar saman rumbun hatsi ko tankin mai, sau da yawa akan bar su ba awo, sai dai a riƙa tura ma'aikaci ya duba da ido.

Ire-iren Hanyoyin Sadarwar

Na farko shi ne Wi-Fi, wanda aka fitar da ƙa'idarsa ta farko a shekarar 1997. Yana ɗaukar bayanai masu yawa, don haka ya dace da kyamarorin tsaro, kwamfutocin hannu da na'urorin lissafa kaya a sito. Amma yana cin wuta, kuma bai cika yin nisa ba.

Na biyu su ne hanyoyin da aka ƙera musamman domin masana'antu. WirelessHART ya fito a shekarar 2007, aka amince da shi a matsayin ƙa'ida ta duniya a 2010. ISA100.11a kuwa ya fito a 2009, ya sami irin wannan amincewa a 2014. Dukkansu suna aiki a zangon gigahaz 2.4, suna aika bayani kaɗan-kaɗan, shi ya sa batir ɗaya kan yi shekaru bai mutu ba.

Na uku shi ne LoRaWAN, wanda ya bayyana a 2015. Saƙonsa kan kai nisan kilomita da dama a fili, amma ɗan taƙaitaccen bayani kawai yake ɗauka. Ya dace da rijiyoyin burtsatse, tankunan ruwa da gonakin rani da ke warwatse.

Na huɗu shi ne hanyar wayar salula, musamman 4G da 5G. A 2019 ƙasar Jamus ta ware zangon gigahaz 3.7 zuwa 3.8 domin masana'antu su kafa tasu hanyar ta kansu a cikin harabarsu. Masana'antar motoci ta Mercedes-Benz da aka buɗe a garin Sindelfingen a 2020 tana daga cikin waɗanda suka kafa irin wannan hanya ta 5G.

Yadda Tsarin Yake Aiki

Tsarin yana da sassa uku: na'urar awo mai batir da eriya, na'urar tattara saƙonni, sai kwamfutar ɗakin kula da injuna. A tsarin WirelessHART, kowace na'urar awo tana iya miƙa saƙon maƙwabciyarta gaba, kamar yadda masu gini ke jeruwa suna miƙa wa juna tubali. Idan mota ko tarin buhuna suka tare hanya ɗaya, saƙon sai ya bi ta wata.

Bugu da ƙari, an raba lokaci gida-gida, kowane gida kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, kuma kowace na'ura tana da lokacinta na magana, don kada saƙonni su yi karo. Har ila yau na'urorin kan riƙa sauya tasha a kai a kai, ta yadda idan hayaniya ta cika tasha ɗaya, za a sake aika saƙon ta wata.

Amfaninsa

Babban amfani shi ne rage kuɗin shimfiɗa waya da lokacin kafawa. Na biyu, yana ba da damar gano matsala kafin ta yi girma. Alal misali, idan boris ɗin inji ya fara lalacewa, girgizarsa da zafinsa kan ƙaru tun kafin ya tsaya. Na'urar awo za ta nuna haka, sai a gyara shi ranar hutu maimakon ya mutu a tsakiyar kaka, lokacin da manoma suka yi layi da kayansu. Na uku, yana rage tura ma'aikata wurare masu haɗari. Na huɗu, inda babu doguwar wayar tagulla, ɓarayin waya ba su da abin yanka, ko da yake ita kanta na'urar da faifan hasken rana suna bukatar tsaro.

Matsalolin da Ya Kamata a Sani

Igiyar rediyo ba ta ratsa ƙarfe. Bangon kwano, tankuna da manyan injuna kan tare ta ko su mayar da ita baya. Ruwa da hatsi mai danshi su ma suna rage mata ƙarfi. Don haka wurin da saƙo ke isa lokacin da sito yake wayam, yana iya daina isa idan an cika shi.

Zangon gigahaz 2.4 kowa na amfani da shi, har da Bluetooth da Wi-Fi na ofis, saboda haka akan sami cunkoso. Injin walda da manyan injunan lantarki su ma kan haifar da hayaniya.

Batun batir ma abin lura ne. Gwargwadon yawan aika saƙo, gwargwadon saurin ƙarewar batir, kuma zafin bazara yana rage masa kwana. Ƙurar hunturu da ruwan damina kan lalata na'urar da ba a rufe ta da kyau ba, eriyar da ke saman gini kuwa tana bukatar kariya daga tsawa.

Akwai kuma batun jinkiri. Saƙon rediyo yana iya makara ko ya ɓace. Saboda haka ne yawancin masana'antu suke barin na'urorin tsayar da inji cikin gaggawa da na kare tukunyar tururi a kan waya, su yi amfani da rediyo wajen sa ido. A wuraren da ke da iskar gas, tururin fetur ko ƙurar gari mai iya kamawa da wuta, wajibi ne a sa na'urar da aka tabbatar ba ta fitar da tartsatsi.

Tsaro daga Masu Kutse

Saƙon rediyo ba ya tsayawa a katangar masana'anta. Wanda ke waje da na'urar da ta dace yana iya kama shi. A shekarar 2000, a yankin Maroochy na jihar Queensland ta ƙasar Ostareliya, wani tsohon ma'aikacin kamfanin da ya kafa tsarin kula da bahaya ya yi amfani da rediyo da kwamfutar hannu ya riƙa ba famfuna umarni daga cikin motarsa. Kimanin lita 800,000 na ƙazanta ta malala cikin koguna da wuraren shaƙatawa, kuma a 2001 kotu ta ɗaure shi shekara biyu.

Darasin da ke ciki shi ne a sauya kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga kamfani, a soke izinin duk ma'aikacin da ya bar aiki, kuma a raba hanyar injuna da ta ofis da ta baƙi. Ga masu Wi-Fi, a guji tsohon tsarin kulle na WEP, wanda aka gano rauninsa tun 2001. A yi amfani da WPA2 ko WPA3.

Matsayin Doka a Nijeriya

Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, ita ke kula da zangon rediyon sadarwar kasuwanci bisa Dokar Sadarwa ta 2003, kuma ita ke tantance na'urorin sadarwa kafin a sayar da su a ƙasa. A watan Disamba na 2021 hukumar ta yi gwanjon zangon gigahaz 3.5 domin 5G, inda kamfanonin MTN da Mafab suka yi nasara, kuma MTN ya fara aiki da shi a 2022. Duk mai shirin kafa eriya mai dogon zango ko hanya ta kansa, ya tuntuɓi hukumar tukuna domin sanin ko yana bukatar lasisi.

Shawarwari Kafin Kashe Kuɗi

1. A fara tantance abin da ake son aunawa da kuma sau nawa ake bukatar rahoto.
2. A sa ƙwararre ya gwada ƙarfin rediyo a wurin, lokacin da injuna ke aiki kuma sito yake cike.
3. A fara da na'urori kaɗan, a gwada su rani da damina kafin a faɗaɗa.
4. A tanadi wutar ko-ta-kwana ga na'urar tattara saƙonni, domin idan ta mutu duk rahoto ya tsaya.
5. A rubuta horar da ma'aikata, samun batir da kayan gyara a cikin yarjejeniyar kwangila.
6. A ware kuɗin kulawa a kasafin kowace shekara.

Ana kira ga jami'an da ke duba takardun kwangila su tabbatar an amsa waɗannan batutuwa a rubuce kafin su sa hannu, domin na'urar da ta tsaya ba a sani ba tana iya sa ma'aikata su dogara da tsohon rahoto, alhali tanki ya bushe ko inji yana ƙonewa.