Lady Maiko: Fim Ɗin Japan Kan Karin Harshe Da Burin Zama Geisha

Lady Maiko fim ne na waƙa da barkwanci wanda Masayuki Suo ya rubuta kuma ya ba da umarni. An fara haska shi a ƙasar Japan a shekarar 2014.

Labarin ya ta'allaƙa ne kan Haruko, wata yarinya 'yar karkara da ta nufi birnin Kyoto domin ta zama maiko, wato mai koyon sana'ar geisha. Geisha mata ne da ake horarwa su nishaɗantar da baƙi da rawar gargajiya da kiɗa da hira cikin ladabi.

Da farko an ƙi karɓar Haruko saboda tana gauraya karin harshen Kagoshima da na Tsugaru, alhali sana'ar na buƙatar karin Kyoto tsantsa. Daga nan wani malamin jami'a masanin harshe ya ci alwashin gyara mata lafazi.

Fim ɗin ya aro zubinsa daga My Fair Lady, kuma jigonsa shi ne yadda karin harshe kan hana mai hazaƙa samun shiga. Mone Kamishiraishi ce ta fito a matsayin Haruko, Hiroki Hasegawa kuma a matsayin malamin.