Aro, Wanki ko Cin Amana: Sunan Abin da Ake Ɗauka a Ajin Rubutun Fim

Wanda ya shiga ajin koyon rubutun fim, a jami'a ne ko a makarantar koyon fim ta ƙasa da ke Jos ko a irin gajeriyar bitar da ake shiryawa a Kano da Kaduna, ba ya daɗewa kafin ya gamu da abin da bai zo da shirinsa ba. Malami zai ce kowa ya tashi ya faɗi labarinsa. Waɗanda za su saurara kuwa duk neman labari ne ya kawo su, wasunsu ma sun fi shi sanin furodusoshi, sun fi shi saurin alƙalami. Sai gaba ya faɗi. Tambayar da ɗalibai ke yi a ɓoye ita ce: in wani ya ɗauke mini fa? Ina ganin akwai tambayar da ta riga wannan, wato mene ne sunan abin da ake tsoron a ɗauka, kuma mene ne sunan ɗaukar. Muddin ba a raba sunayen ba, mai ƙorafi zai yi ta buga ƙofar da ba tasa ba.

A fara da kalmar labari kanta. Nauyin da ke kanta ya yi yawa: abin da rediyo ke karantawa da safe labari ne, abin da matafiyi ya dawo da shi labari ne, littafi mai shafi ɗari uku labari ne. A cikin aji ana tsaga ta gida-gida. Akwai loglayin, jimla ɗaya ko biyu da ke faɗin wane ne, me yake so, me ya tare masa hanya. Akwai sinofsis, taƙaitawar shafi ɗaya ko biyu daga farko har ƙarshe. Akwai tiritmen, inda ake zuba labarin duka a rubutun zube, fitowa bayan fitowa, ba tare da cikakkiyar tattaunawa ba. Sannan sikirif, wanda a cikinsa kowane sin, wato fitowa, yana da wurinsa da lokacinsa da kalaman bakin kowane ɗan wasa. Ɗalibi kan ɗauka waɗannan matakan aiki ne kawai. Haƙiƙa matakan mallaka ne kuma, domin gwargwadon hawan mutum gwargwadon yadda abin ke zama nasa shi kaɗai. Yarinyar da aka yi wa auren dole ta gudu birni, wannan na kowa ne. Sunanta, da motar da ta shiga, da abin da ta ce wa uwarta a daren tafiya, da wanda ta tarar a tasha, waɗannan na wanda ya zauna ya ƙaga su ne.

A daidai wannan gaɓar doka ta ja layinta. Abin da muke kira haƙƙin mallaka ba ya kare tunani, yana kare sigar da aka fitar da tunanin a cikinta. Yarjejeniyar ciniki ta duniya ta 1994 da ta shafi mallakar fasaha ta faɗi haka a sarari, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, a kan wannan turbar take. Sai aiki ya zama an adana shi a wata siga tabbatacciya, kuma an yi ƙoƙarin da ya ba shi kamanni nasa na kansa, sannan kariya ta hau kansa. Da zarar hakan ta samu, ba sai an yi rajista ba; haƙƙin yana nan tsawon rayuwar marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa. Hukumar kare haƙƙin mallaka tana karɓar rajista ga mai so, amma amfanin takardarta shaida ce ranar gardama, ba ita ke haifar da haƙƙin ba. To duba abin da wannan ke nufi ga aji: abin da ɗalibi ke miƙewa ya faɗa da baki a makon farko, jimla biyu da ɗan ƙarin bayani, shi ne ainihin abin da doka ba ta rufe ba. Ya fi kowane mataki tsada a wurin mai shi, kuma shi ya fi kowanne zama a fili.

Shi ya sa nake ganin kalmar satar fasaha tana ruɗar da mu. Mun ɗora mata abubuwa uku mabambanta. Na farko shi ne gurza kaset da faifai ba izini, cutar da ta daɗe tana cin kasuwar fim tun zamanin da Ƙofar Wambai ce cibiyar rarraba finafinai, cutar da yanzu ta koma tura fim a waya da ɗora shi a intanet. Wannan laifi ne a doka, kuma hukuma na da hurumi a kansa. Na biyu shi ne mutum ya kwashe rubutun wani, ya sauya sunaye, ya sa nasa sunan. Wannan ma kotu na iya saurara in akwai rubutu biyu da za a jera a gwada. Na uku shi ne na cikin aji: ka ji tunanin ɗan'uwanka tun yana ɗanye, ka riga shi kai shi kasuwa. Wanda aka yi wa na ukun yakan yi kuka da sunan satar fasaha, ya je wurin lauya, a tambaye shi ina rubutunsa, ya ce ai bai gama ba. Daga nan magana ta mutu, ya dawo yana ganin an zalunce shi sau biyu.

Masana'antarmu tana da wata kalma tata, wanki, wato a ɗauko fim ɗin Indiya a sa masa rigar Hausa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan wannan al'ada da yadda ta samo asali daga shekarun da aka kwashe ana kallon finafinan Indiya a silima da talabijin a ƙasar Hausa. Ba shari'ar wanki ce ta kawo ni ba. Abin da ya dame ni shi ne tarbiyyar da ta bari: matashi ya taso yana ganin labari abu ne da ake tsinta, wanda ya fara kai shi gaban kyamara shi ne mai shi. Ga kuma gadon tatsuniya, wadda ba ta da ubangida, kowace kaka tana ƙara mata gishirinta ba wanda ya ce ta yi sata. Idan mutum ya shigo aji da waɗannan biyu a ransa, zai iya ɗaukar tunanin na kusa da shi da zuciya ɗaya, yana kiran abin aro.

Aro kuwa kalma ce mai mutunci, bai kamata a bar ta ta zama mafakar ɓarna ba. Abubakar Imam ya yi aro a Magana Jari Ce, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da wasu taskoki, ya narkar da su har suka zama na gida. Amma rijiyoyin da ya ɗebo daga cikinsu a buɗe suke ga duniya, an riga an buga su, masu su sun riga sun sami sunansu, kuma ɗibarsa ba ta rage musu komai ba. Labarin ɗan ajinku bai fito ba tukuna. In ka riga shi fitar da shi, ba ka bar masa komai ba, domin gobe in ya kawo nasa shi za a ce ya kwaikwaye ka. Aro ana yin sa da sanin mai abu, kuma abin yana nan a hannunsa bayan an gama.

Sunan da ya dace da na ukun nan, a ganina, muna da shi tun tuni: cin amana. Ɗalibin bai faɗi labarinsa a dandali ba, ya faɗe shi a zaman da aka kira shi, bisa fahimtar cewa za a taimaka masa ya gyara. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ke nuna cewa idan mutum ya yi maka magana sannan ya waiga, don gudun kada wani ya ji, maganar nan ta zama amana a wuyanka. Waigen nan shi ne abin da ɗalibi ke yi a zuci duk lokacin da ya miƙe. Kuma zaurukan karatunmu sun daɗe da sanin ladabin jingina magana ga mai ita. Almajirin kirki ba ya kawo fassarar da ya ji a bakin wani malami ya ce tasa ce.

Abin sha'awa, kotunan Amurka sun bi ta wata hanya suka iso kusa da nan. A 1949 wani marubuci, Victor Desny, ya buga waya ofishin darakta Billy Wilder, ya karanta wa sakatariyarsa taƙaitaccen labarin wani mutum da ya maƙale a cikin kogo a 1925, ya ce in za a yi amfani da shi a biya shi. A 1951 Wilder ya fitar da Ace in the Hole. Abin da ya faru a kogon tarihi ne, ba mallakin kowa ba. Duk da haka, a 1956 kotun ƙolin jihar Kalifoniya ta ce ko da tunani ba dukiya ba ne, wanda ya miƙa shi bisa sharaɗin biya, aka karɓa da sanin sharaɗin, yana iya neman haƙƙinsa ta fuskar alkawari. Haka ma Art Buchwald, wanda ya yi ƙarar kamfanin Paramount a kan Coming to America na 1988: nasarar da ya samu a 1990 ta saɓa yarjejeniya ce, domin akwai takarda tsakaninsu a kan tiritmen ɗinsa. Dokar Kalifoniya ba ta aiki a Kano, amma darasin a bayyane yake. Abin da ke kare ɗanyen tunani shi ne sharaɗin da aka faɗe shi a kai, kuma sharaɗin sai an furta shi kafin a buɗe baki.

Akwai wata matsala mai laushi da ta fi sata yawan faruwa. Ka karanta sin ɗinka, wata 'yar aji ta ce, "Malam, da ka bar uban da rai, shi ya gano wasiƙar, da ya fi taɓa zuciya." Ka gwada, labarin ya tashi. Yanzu na wane ne? A farkon finafinanmu ana rubuta labari daban, tsara labari daban, wani lokaci da rubutawa, amma ba mu da ma'aunin da kowa ya yarda da shi na wanda ya cancanci kowane layi. Ƙungiyar marubutan fim ta Amurka ta ƙayyade nata dalla-dalla. Wanda ya ƙirƙiro labari ya rubuta sikirif na asali, ko an sake rubuta shi daga baya, ba a cire sunansa daga layin labari. Wanda ya zo daga baya kan irin wannan sikirif sai gudummawarsa ta kai rabi kafin sunansa ya hau layin rubutu. Har alamar da ke tsakanin sunaye biyu tana da ma'ana: alamar & tana nufin tare suka zauna suka rubuta, kalmar haɗi "and" cikakkiya kuwa tana nufin ɗaya ya yi, ɗaya ya karɓa daga baya. A irin wannan ma'auni, shawarar 'yar ajin nan kyauta ce. Haka ya kamata a ɗauke ta a ajinmu, a kuma faɗa tun ranar farko: gyaran da ka ba wani ya zama nasa, kamar yadda wanda aka ba ka ya zama naka, ladan mai bayarwa godiya. In kuwa mutum biyu suka ga aikin ya wuce shawara ya koma rubutu tare, su tsaya su rubuta rabonsu kafin su ci gaba.

Dole kuma a bar gurbi ga wani suna na huɗu, dacewar tunani. Matasa ashirin da suka tashi a gari ɗaya, suka kalli Daɗin Kowa da Labarina, suka ga irin auren da ke mutuwa a unguwa ɗaya, ba mamaki biyu daga cikinsu su zo da labarin kishiya da gado a mako guda. Zargin sata ba hujja yana kashe aji kamar yadda satar ke kashe shi, domin da zarar an fara, kowa zai riƙa kawo labarin da bai damu da shi ba, ya ɓoye na gaske a gida, kuma wanda ya ɓoye aikinsa ba ya samun gyara. Maganin mai sauƙi ne. Kowa ya miƙa shafinsa a rubuce kafin ya yi magana, da kwanan wata, a ajiye a wuri ɗaya. Saƙon imel zuwa ga malami ma ya isa. Hakan na ɗaga labarin daga baki zuwa takarda, inda doka ke fara gani, kuma in biyu suka yi kama, kwanan wata ya raba gardama ba tare da an ɓata sunan kowa ba.

Saura mutum ɗaya da ɗalibai ke jin nauyin ambata, shi ne malamin. Sau da yawa mai koyarwa darakta ne ko furodusa ko marubucin da ke da shiri mai dogon zango a hannu, wanda ke buƙatar sabon abu kowane mako. A duk ɗakin shi ya fi kowa ikon mayar da jimla biyu su zama fim cikin wata uku, kuma shi ne wanda ɗalibi ba zai iya tunkara ba. Kamfanonin Amurka da yawa ba sa ko buɗe sikirif ɗin da ba su nema ba, ko kuma su sa mai shi ya sa hannu a takarda tukuna, don kare kansu. A aji kariyar ta kamata ta fuskanci ɗalibi. Malami ya fara bayyana ayyukan da yake kai a lokacin, don kada gobe a ce daga aji ya ɗebo. Takardar da kowa zai sa wa hannu, cewa ba za a fitar da labarin wani waje ba kuma ba za a yi aiki da shi ba sai da izininsa a rubuce, sunan malam ya zama na farko a kanta. In kuma wani labari ya burge shi har yana son yin sa, ya kira mai shi gefe su yi ciniki kamar yadda zai yi da kowane marubuci, a faɗi kuɗi, a faɗi layin da sunansa zai hau.