Na'urar da ke Mayar da Maganar Likita Rubutu

Mene ne wannan aiki?

Mai karatu, duk lokacin da kuka je gidan likita a Tanut, ko a Belbeji, ko a wata karkara ta Damargu, kuna ganin majo ko ungozoma suna rubutu. Suna rubuta sunan mara lafiya, da shekarunsa, da ciwonsa, da maganin da aka ba shi. Wani rubutun yana shiga babban littafin gidan likita, wani kuma yana shiga karnen da kuke tafiya da shi gida. Rubutun nan yana cin lokaci. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2016 ya nuna cewa likita yakan yi kusan awa biyu yana aikin rubutu a kan kowace awa guda da ya yi tare da marasa lafiya.

Saboda haka aka ƙirƙiro manhajar da ke sauraren magana ta mayar da ita rubutu. Ana sa ta a cikin kwamfuta ko salula.

Yaya take aiki?

1. Likita yana magana, na'ura tana ɗaukar muryarsa.
2. Manhaja tana mayar da muryar kalmomi.
3. Tana ware kalmomin: ga alamun ciwo, ga sunan cuta, ga magani.
4. Likita yana karantawa, ya gyara, sannan ya sa hannu.

Manhajar ba ta da hankalin ɗan Adam. Ta koyi aikin ne daga muryoyin mutane masu ɗimbin yawa da aka naɗa tare da rubutunsu. Harshen da ta fi ji, shi ta fi iyawa.

Ina aka kwana game da Hausa?

Mafi yawan waɗannan manhajoji da Turancin Ingilishi aka horar da su. A 2020 wani likita ɗan Najeriya, Tobi Olatunji, ya kafa kamfanin Intron Health, wanda daga baya ya ƙirƙiro manhajar da ke gane lafazin likitocin Afirka. Manhajar Whisper, wadda ta fito a 2022, ta sa Hausa cikin harsunanta, amma muryoyin Hausa da ta koya ba su da yawa.

A Damargu lamarin ya fi haka wuya. Ana jin Hausa, da Tamajak, da Fulatanci, da Barbarci, alhali takardun likita da Faransanci ake cika su. Hausar Damargu kuma ba daidai take da ta Kano ba. Ga ƙarancin wutar lantarki da intanet a karkara.

Ina haɗarin yake?

Na'ura tana iya rubuta abin da ba a nufa ba. Ku dubi waɗannan misalai:

• "Sha biyu" yana iya nufin a sha ƙwaya biyu, yana kuma iya nufin 12.
• "Biyu" da "biyar" suna kama da juna a cikin hayaniya.
• "Shawara" sunan ciwo ne, kuma sunan nasiha ne.

Idan ƙwaya 2 ta koma 12 a takardar yaro mai zazzaɓin cizon sauro, rayuwarsa tana cikin haɗari. A 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton cewa Whisper takan ƙago jimlolin da babu wanda ya faɗe su. Don haka mataki na huɗu, wato dubawar likita, ba a tsallake shi.

Me ya kamata ku yi?

Ko da alƙalami aka rubuta, ko da na'ura, ku kiyaye waɗannan:

1. Ku faɗi ciwonku a fili, da ranar da ya soma.
2. Ku roƙi majo ya karanta muku abin da aka rubuta, da harshen da kuke ji.
3. Ku duba lambobin da kanku: ƙwaya nawa, sau nawa, kwana nawa.
4. Idan za a naɗi muryarku, ku tambayi wanda zai saurare ta. Ciwonku sirrinku ne.
5. Ku adana karne. Makiyayi ya tafi da shi duk inda ya bi da dabbobinsa.

Karatun da kuke koyo a yau shi ne zai ba ku ikon gane kuskure a takardar iyalinku, kafin a kai magani baki.