Motar iyali: abin da mai gida zai duba kafin ya saya, da abin da ɗan uwa na waje zai tambaya kafin ya aiko

Idan gida ya yi albarka, babur ba ya iya ɗaukar shi. Ga uwargida, ga yara biyar ko shida, ga tsohuwa da za a kai gidan likita, ga biki a ƙauye. Daga nan mai gida ke fara tunanin mota, ko kuma ɗan da ke aiki a Faransa, Beljiyam ko Amurka ya bugo waya ya ce zai aiko da ɗaya. To amma kowa ya sha ganin mota mai kyau an jingine ta a kan bulo cikin gida, kaji na kwana ƙarƙashinta. Galibi dalili biyu ne: ko dai ta fi ƙarfin aljihu wajen shan mai, ko kuwa wani ƙarfe ya lalace an rasa irinsa. Kuɗin saye sau ɗaya ake biya, na riƙo kuwa kowane wata ne. Shi ya sa muka tattaro waɗannan bayanai.

Fara da ƙirga kawuna

Kafin a yi zancen sunan mota, a zauna a ƙirga mutanen da za su riƙa shiga a tafiyar yau da kullum, a kuma ƙara da waɗanda ake sa ran zuwansu nan da shekara huɗu ko biyar. Ƙaramar mota irin Corolla kujera biyar gare ta har da direba. Gidan da ya kai mutum shida ko bakwai yana buƙatar mai layi uku na kujeru.

Sai dai a lura da abu ɗaya da dillali ba zai faɗa ba. A yawancin ƙananan motoci masu kujera bakwai, layin baya na yara ne, babba ba zai jure zama a can daga Maraɗi zuwa Yamai ba. Kuma da zarar an ɗaga kujerun nan biyu, wurin kaya ya kusa ƙarewa. Mu kuwa ba ma tafiya hannu sake: akwai buhun hatsi, akwai tabarmi, akwai jarkar ruwa. Saboda haka ranar dubawa a ɗaga dukkan kujeru, a buɗe baya, a ga abin da ya rage.

Kowace mota tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka, yana rubuce a wani ɗan ƙarfe ko takarda jikin ƙofar direba ko cikin gaban mota. Mutum bakwai da buhu biyu a sama sun isa su wuce wannan iyaka. Lodi fiye da ƙima na kashe amortisa, yana fasa taya a lokacin zafi, yana kuma ƙara nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya.

Wace hanya za ta riƙa bi?

Wanda zirga-zirgarsa ke kan babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa har Damagaram, kusan kowace mota za ta yi masa. Wanda kuwa ƙauyensu ke can ciki, sai an ratsa rairayi ko an tsallake ƙorama da damina, shi tsayin mota daga ƙasa ya kamata ya fara dubawa. Motocin iyali na Turai an yi su ne don kwalta, cikinsu kusa da ƙasa yake, kuma lodi na ƙara dusar da su. Dutse ɗaya ya isa ya huda tukunyar man injin.

Amma kar a ce don haka kowa sai ya sayi kat-kat. Mai jan ƙafa huɗu ta fi nauyi, ta fi shan mai, tayoyinta sun fi tsada. Idan sau uku ko huɗu ne a shekara ake shiga hanyar yashi, ya fi sauƙi a bar motar a garin da kwalta ta ƙare a ƙarasa da motar kasuwa, da a shekara ana ciyar da babban inji cikin gari.

Shan mai: a auna, kar a ji a baki

Kowane mai sayarwa cewa yake motarsa ba ta shan mai. Hanyar sani guda ce. A cika tanki har famfo ya tsaya, a rubuta lambar kilomita, a yi tafiya, a dawo a sake cikawa. Litar da ta shiga karo na biyu a raba ta da kilomitar da aka yi, a ninka da 100. Abin da ya fito shi ne shan motar a kilomita 100.

Ga misali don a ga bambanci. Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne, zuwa da dawowa 1,320. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta ci kusan lita 106. Mai shan lita 12 kuwa za ta ci lita 158. A farashin sefa 499 da gwamnati ta tsayar wa litar fetur a watan Yulin 2024, bambancin ya haura jika 26 a tafiya ɗaya tak. A lissafa wannan a shekara, za a ga kuɗin lakwal na yara ne ke fita ta salansa.

Kada kuma a gina lissafi a kan ruwa-ruwa. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, man kwalba na bakin hanya ya daina arahar da aka sani. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, ganga dubu 20 ce iyakar abin da take tacewa a rana, kuma kowa ya tuna dogayen layukan gidajen mai na watan Maris ɗin 2025. Ranar ƙarancin mai, mai ƙaramin inji ne ke ci gaba da yawo.

Motocin da aka fi cin karo da su

Toyota Corolla Verso ta 2004 zuwa 2009: akwai mai kujera bakwai, injin fetur 1.6 ko 1.8. Tana cikin masu sauƙin mai, wajen lita 8 a doguwar hanya. Layin baya na yara ne, wurin kaya kaɗan.

Toyota Picnic da ƙanwarta Avensis Verso: kujera shida ko bakwai, injin 2.0. Sun fi Corolla Verso faɗi, sun ɗan fi ta shan mai. Picnic ta tsufa, an daina ƙera ta Turai tun 2001, don haka sai a duba tsatsa da lafiyar inji sosai.

Toyota Sienna: daga Amurka take zuwa, kujera bakwai ko takwas, manya na zama a sake har baya, ga wurin kaya. Sai dai yawancinsu injin silinda shida ne, 3.3 ko 3.5, lita 11 zuwa 13 ba abin mamaki ba ne, cikin gari da sanyi a kunne ma ta fi haka.

Opel Zafira, Volkswagen Sharan da Ford Galaxy: su ma kujera bakwai, sau da yawa sun fi Toyota araha wajen saye. Kafin a ɗauka a zagaya wajen masu kayan gyara na garinku a tambaya.

Suzuki Ertiga, Toyota Avanza da Toyota Rush: sababbin yayi ne, ƙaramin inji wajen 1.5, kujera bakwai. Rush na da tsayi daga ƙasa. Ba su shan mai, amma da cikakken lodi ba su da ƙarfin gudu, kuma kuɗinsu ya fi na tsofaffin Turai.

Hilux mai gida biyu: ƙarfi da juriya ba a magana, amma kujera biyar ce. Zuba yara a bayan buɗaɗɗiyar mota ganganci ne.

Fetur, gazuwal ko mai haɗe da batir?

Injin gazuwal ya fi tsimin mai a doguwar tafiya, amma a ƙasar nan litar gazuwal ta fi ta fetur tsada, gyaran famfo da allurai kuma ba wasa ba ne. Motocin gazuwal na Turai na baya-bayan nan suna da matatar hayaƙi da ke toshewa idan gajeruwar tafiya kawai ake yi cikin gari. Ga gidan da aikinsa kai yara lakwal ne da kasuwa da ziyara, fetur ya fi kwanciyar hankali.

Masu haɗe da batir, irin Prius, gaskiya suna rage shan mai musamman cikin gari. Amma babban batirinsu ba ya son zafi da ƙura, kuma idan ya mutu kuɗinsa na da yawa. Wanda ke nesa da babban gari ya fara tabbatar da akwai mai iya duba ta.

Bakanikenka shi ne ɗan shawara na farko

Mota mafi dacewa ita ce wadda bakaniken garinku ya san cikinta, kuma kayanta ke rataye a shagunan tasha ko ake samowa daga Kano cikin kwana biyu. Wannan ne ya sa Toyota ta yi yawa a hanyoyinmu, kamar yadda Peugeot 504 da 505 suka yi zamaninsu. Araha ba ta ado: motar da aka rage maka jika ɗari biyar a kanta, idan kwamfutarta ta mutu aka rasa, ta koma ɗakin kaji.

A tambayi bakanike ko injin bel gare shi ko sarƙa. Picnic da Sienna mai 3.3 bel ne, ana canza shi idan lokacinsa ya yi. Corolla Verso 1.8, Avensis Verso ta fetur da Sienna mai 3.5 sarƙa ce.

Ranar ciniki

Kar a yi cinikin biri a sama, hoto a WhatsApp ba ya nuna ciwon inji. A je da bakanike, da safe, a tada motar tana sanyi. Shuɗin hayaƙi alamar inji na ƙona bakin mai ne. A buɗe murfin man injin: idan an ga abu kamar madara, ruwa na haɗuwa da mai. A leƙa ƙarƙashi, don motocin ƙasashen ƙanƙara gishirin da ake zubawa a hanya na cinye ƙarfensu. A bar ta a kunne da sanyi na aiki a ga ko allurar zafi na hawa, domin motar da ta yi zafi a tsaye ba za ta kai Tawa a watan Afrilu ba. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta na nan, a sa canjinta cikin lissafi. A kuma ja bel ɗin kowace kujera a ga yana kamawa, har na layin baya inda yara za su zauna.

Sai takardu. Lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, dole ta zama ɗaya a jikin mota, a kart giriz da takardar duwan. Wanda ya sayo a Kano ko Katsina ya sani sai ya biya duwan na nan gida kafin ya samu lambar Nijar. A ƙara kuɗin asurans, binyet da bizit teknik a kan farashi tun kafin a ce an saya.

Ga ƴan uwa da ke waje

Allah ya saka da alheri, amma kafin ku loda mota a jirgin ruwa ku bugo gida ku yi tambaya uku: mutum nawa, wace hanya, kuma nawa gidan ke iya zubawa na mai a wata ba tare da an taɓa kuɗin cefane ba. Ku aiko mai sitiyari a hagu, domin dama muke bi. Mai sitiyari a dama irin ta Ingila haɗari ce wajen wuce babbar mota. Na Amurka ku tuna mitarku mil take ƙirgawa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka mil dubu 150 kilomita dubu 240 ke nan. Motar da aka rubuta tana yin mil 20 da galan ɗaya, a lissafinmu kusan lita 12 ce. Mai mil 30 kuwa kusan lita 8.

Ku kuma binciki hanya. Da can ta Kwatano da Gaya motoci ke shigowa, amma tun rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, abin da ya ƙara kwanaki da kuɗi. Wani lokaci turo kuɗin a sayi wadda ta riga ta iso aka biya mata duwan ya fi sauƙi. Idan kuma motar za ku aiko, ku haɗo da matatun mai da na iska, da takalman birki, ku ware kuɗin duwan tun daga can, kar kyauta ta zama bashi a wuyan tsoho.

Daidai ruwa daidai tsaki. Gidan mutum bakwai da ke bakin kwalta, ƙaramar mai layi uku da injin 1.8 ko 2.0 ta ishe shi. Mai manyan ƴaƴa da yawan tafiya, idan aljihu zai ɗauki man, ya nemi mai faɗi. Na cikin rairayi ya sa tsayi a gaba. Kowace aka saya, a rage gudu, a duba iskar taya, a wanke matatar iska lokacin hunturu, kuma kar a taɓa barin yaro cikin mota a rufe da rana ko na minti kaɗan ne. Allah ya tsare hanya, ya sa a mora lafiya.